Ciwon maɗaciya ga mai juna biyu: abin yi idan ya taso, da lokacin da zaman gida ya ƙare

Ciwon maɗaciya yana da wurinsa, yana kuma da lokacinsa. Yakan taso bayan an ci abinci mai maiƙo da kamar rabin awa zuwa awa biyu, sau da yawa cikin dare. Yana kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko ƙahon zuci, ya harba baya wajen allon kafaɗar dama. Ba ya zuwa ya tafi irin na naƙuda. Idan ya riƙe, ya riƙe ke nan, daga minti 30 har zuwa wasu awanni, da tashin zuciya, da gumi, wani lokaci da amai. Juyi a kan shimfiɗa ba ya rage shi, gyatsa ko zagayawa bayan gida ma haka. Sannan ya sake ki a hankali, wurin ya yi tsami har washegari.

Mata da yawa suna shafe watanni ana ba su maganin olsa a kan wannan ciwo, saboda ƙwannafi abokin tafiyar ciki ne, kowa kuma ya saba da shi. Amma ƙwannafi ƙuna ce da ke hawa ƙirji zuwa maƙogwaro, kuma maganin ƙwannafi yana kwantar da ita cikin mintuna. Na maɗaciya matsa ce mai nauyi a wuri guda, wadda wancan magani ba ya taɓawa.

Dalilin da ya sa ciki ke tayar da shi

Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tsawonta santimita 7 zuwa 10, tana ɗaukar ruwa kamar mililita 50. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, maɗaciya ajiya kawai take yi. Da maiƙo ya isa hanji sai ta matse, ta tura ruwan ta wata siririyar hanya domin a narkar da shi.

Ciki yana ɓata wannan tsari ta fuska biyu. Sinadarin istirojin, wanda jiki ke ƙara samarwa lokacin ciki, yana ƙara yawan kolestarol, wani nau'in kitse, a cikin ruwan ɗacin, shi kuma firojestaron, wanda aikinsa shi ne sassauta tsokar mahaifa don kada ta matse kafin lokaci, yana sassauta maɗaciya ita ma. Ruwa ya yi kauri, jaka kuma ta yi kasala wajen juye shi. Sai laka ta kwanta a gindinta kamar yadda take kwanciya a randar da aka daɗe ba a wanke ba, daga lakar nan kuma tsakuwa ke haɗuwa. Wajen mace ɗaya cikin goma ana samun tsakuwa ko lakar a lokacin goyon ciki ko jego, amma mafi yawansu ba sa jin komai. Ciwo yana zuwa ne idan maɗaciya ta matse alhali tsakuwa ta toshe bakinta.

Haɗarin yana ƙaruwa da yawan haihuwa, da ƙiba, da ciwon suga, da samun irinsa a dangi. Mai sikila tata daban ce: yawan fashewar ƙwayoyin jini yana haifar da baƙar tsakuwa tun ƙuruciya, ko da ba ta da jiki ko kaɗan. Don haka mai sikila da ta ji ciwo a wannan wuri kada a yi saurin cewa ciwon da aka saba ne ya motsa.

Kafin a ce maɗaciya ce

Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a duk maganar. Idan karon farko ne, ko ba a taɓa yi miki hoton da ya nuna tsakuwa ba, babu batun jinya a gida. A je asibiti a ranar, kuma abu na farko a auna jini.

Dalili kuwa, daga mako 20 na ciki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki da ya kai ga taɓa hanta, wanda likitoci ke kira HELLP idan ya tsananta. Wurin ciwon ɗaya ne, aman ma ɗaya ne, amma shi wannan yana iya kaiwa ga jijjiga ko zubar jini cikin awanni. Awon jini 140/90 ko sama, ciwon kai mai naci, ganin walƙiya ko dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya: ko ɗaya daga cikinsu ya haɗu da ciwon, a ɗauke shi a matsayin hawan jini har sai gwaji ya ƙaryata. Kuma ana samun HELLP da awon jini bai hau sosai ba, shi ya sa gwajin jini da na fitsari suke tafiya tare da awon.

Akwai sauran masu kama da shi. Afendis kan ɗan matsa sama idan ciki ya tsufa. Ciwon ƙoda na sanyin fitsari yana kama kwiɓi da zazzaɓi. Ciwon hanta yana zuwa da shawara, kuma nau'in E yana da muni ƙwarai ga masu ciki, kamar yadda aka gani a ɓarkewarsa a yankin Diffa a 2017. Ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa cikin dare ba tare da ƙuraje ba kuwa wata matsala ce ta ruwan ɗaci a cikin hanta, ba tsakuwa ba, tana da nata gwajin da nata haɗarin ga jariri.

Idan ya taso a gida, kuma an riga an san tsakuwa ce

Ki dubi agogo ki riƙe lokacin da ya fara, domin tsawon ciwon shi ne abin da za a fara tambayar ki, shi ne kuma zai nuna ko za a zauna ko za a tafi.

Ki dakatar da cin komai. Duk lomar da ta shiga tana sa maɗaciya ta ƙara matsewa a kan abin da ya toshe ta. Madara da shayi mai madara suna cikin abin da ake nufi, ko da yake su aka fi miƙa wa mai ciwon ciki. Ruwa zalla za ki riƙa kurɓa, kaɗan-kaɗan, kurɓi biyu ko uku duk bayan 'yan mintuna.

Maganin da ya halatta ki sha da kanki shi ne farasitamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, wato giram 1, sannan ba ƙari sai bayan awa 6, kuma kada ya wuce giram 4 a awa 24. Wadda nauyinta bai kai kilo 50 ba ta tsaya a ƙwaya ɗaya sai in likita ya ce ta ƙara. A duba kwalin maganin mura idan ana shan sa, domin yawancinsu da farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Idan ido ya yi rawaya, ko farasitamol ɗin ma a bar shi sai an ga likita.

Abin da ba a sha shi ne dangin ibufurofen, dikulofenak, firoksikam da asfirin mai ƙarfi, har da haɗe-haɗen da ke ɗauke da su irin Ibucap da Alabukun. Abin takaicin shi ne su ne suka fi kwantar da wannan ciwo ga wanda ba shi da ciki, shi ya sa mai kemis zai miƙo su da kyakkyawar niyya. Daga mako 20 suna iya rage aikin ƙodar jariri har ruwan mahaifa ya ragu, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansu a 2020. Daga wajen mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Ƙaramin asfirin da aka rubuta miki a wajen awo don rigakafin hawan jini ba ya cikin wannan hani, ki ci gaba da shi yadda aka ce. Tiramadol da kodin ba na saye a sha ba ne.

Ki jingina da matasai ko ki kwanta ta gefen hagu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Bayan wata biyar a guji rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Tawul mai ɗumi ko gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane, a kan haƙarƙari ko bayan kafaɗa, minti 15 zuwa 20, yana taimakawa. Mai ɗumi aka ce, ba mai ƙuna ba, kuma ba a kan mara ba.

Idan ya lafa, ki fara da koko ko farau-farau marar mai, ko farar shinkafa da ɗan romo da aka kwashe maiƙonsa. Ki yi awa 24 a kan abinci marar mai sannan ki koma tsarin da ke ƙasa. Ki kuma sanar da asibitin da kike awo ko da kin warke sarai, domin yawan tasowar ciwon shi ake lissafawa wajen yanke shawarar tiyata.

Lokacin tafiya asibiti

Ciwon da ya kai awa 6 bai sake ba, likitoci suna ɗaukar sa a matsayin maɗaciya ta kumbura. Mai ciki kada ta jira cikar shidan. Awa biyu bayan farasitamol babu sauƙi, a nemi abin hawa, musamman idan asibitin da nisa ko dare yana ƙara yi. Maigida ya kamata ya san wannan ƙa'ida tun kafin ranar, ya kuma bar izini da kuɗin mota idan zai yi tafiya.

Ba a jira ko minti ɗaya idan akwai zazzaɓi digiri 38 ko rawar ɗari, ko ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari. Waɗannan na iya nuna cewa tsakuwa ta sauka ta toshe babbar hanyar ruwan ɗaci, kuma idan ƙwayoyin cuta suka taru a bayan toshewar suna shiga jini da sauri. Shawara irin wannan jiƙo ba ya buɗe ta, kwanakin da aka ɓata ana shan sassaƙe kuwa su ne suke mayar da ƙaramin aiki babba. Haka nan aman da ya hana ruwa zama, ko ciwon da ya koma tsakiyar ciki yana huda baya, wanda sai an sunkuya gaba ake ɗan samun sauƙi. Wannan alamar kumburin fankiriyas ce, wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma ƙananan tsakuwoyi, masu ƙasa da milimita 5, su suka fi jawo shi saboda su ke iya sulalewa cikin hanyar. Don haka jin an ce "ai ƙanana ne" ba abin kwantar da hankali ba ne.

Ta ɓangaren cikin kuma, ba a jira idan an ga ɗayan waɗannan: zubar jini ko ruwa, mara tana ɗaurewa a kai a kai, ciki ya yi tauri bai saki ba, ko motsin jariri ya ragu.

Abin da za a yi a asibiti

Hoton da ke gano tsakuwa shi ne sikanin, irin na'urar da ake duba jariri, ba shi da illa, kuma yana ganin fiye da kashi 90 cikin 100 na tsakuwar da ke cikin jakar. Sai dai sikanin awo mahaifa kawai yake dubawa. Dole takardar ta ce a duba hanta da maɗaciya. Idan ba na gaggawa ba ne, ana so a yi awa 6 ba a ci abinci ba don jakar ta cika ta fito sosai, saboda haka ki nemi layin safe, ki tafi da abin karyawa a jaka.

Za a ɗebi jini a duba aikin hanta, da ƙwayoyin daskarar da jini, da sinadarin fankiriyas. Wasu alƙaluma ciki da kansa yana ɗaga su: wani sinadari da ake aunawa a gwajin hanta, mai suna ALP, yana hawa saboda mabiyiya tana samar da shi, fararen ƙwayoyin jini ma suna ɗan ƙaruwa. A bar wa likita fassarar takardar.

Jinyar farko ita ce hutar da ciki daga abinci, ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai, da allurar ciwo mai ƙarfi wadda ba ta da laifi idan ta ɗan lokaci ce a ƙarƙashin kulawa. Idan akwai kumburi a ƙara maganin ƙwayoyin cuta daga dangin fenisilin ko sefalosforin. Sifirofuloksasin da tetirasaikilin ana kauce musu ga mai ciki, don haka ki faɗi cewa kina da ciki ko da bai fito ba. Idan ana zargin tsakuwa a babbar hanya, ana yin hoton MRI ba tare da allurar rini ba, sannan a ciro ta da bututu mai kyamara ta baki, aikin da ake kira ERCP, wanda ana yi wa masu ciki tare da taƙaita hasken hoto. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba. A nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram, tun ana da ƙarfin tafiya.

Maganar tiyata

Nan ne iyali suka fi turjewa, kuma ana fahimtar dalili. Amma cire maɗaciya shi ne aiki na biyu mafi yawa da ake yi wa masu ciki wanda bai shafi haihuwa ba, bayan afendis. A da ana cewa a lallaɓa har a haihu. Abin da aka gani shi ne, cikin waɗanda aka lallaɓa, fiye da kashi ɗaya cikin uku ciwon yana dawo musu kafin haihuwa, kuma wadda ya fara wa tun farkon ciki ta fi kowa dawowa asibiti. Kowace dawowa tana iya zuwa da zazzaɓi, rashin ruwa a jiki, ko kumburin fankiriyas, waɗannan kuwa su ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini fiye da aikin da aka shirya cikin natsuwa.

Tasowa ɗaya mai sauƙi, musamman a watan takwas ko tara, ana iya jira da gyaran abinci. Ciwon da ya dawo sau biyu ko uku, ko ya hana ki cin abinci har nauyi ya tsaya, ko maɗaciya ta kumbura, aiki ya fi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne mako 14 zuwa 27: gaɓoɓin jariri sun gama haɗuwa, mahaifa kuma ba ta tare wurin aiki ba. Idan larura ta kama, ana yi a kowane wata.

Inda akwai kayan aiki, ana yin sa da kyamara ta ƙananan ƙofofi huɗu, kowace rabin santimita zuwa ɗaya, a ɗan karkata ki hagu a kan gado, a saurari bugun zuciyar jariri kafin aiki da bayansa. Kwana ɗaya zuwa uku an sallame ki. Inda babu, ana yanka a ƙarƙashin haƙarƙari, jinyar ta fi tsawo amma aikin ɗaya ne. Jakar gaba ɗaya ake cirewa, domin idan aka kwashe tsakuwa aka bar ta, wata za ta sake haɗuwa. Hanta tana ci gaba da zuba ruwan ɗaci kai tsaye cikin hanji; wasu sukan yi sakin ciki na 'yan makonni. Tsakuwar maɗaciya ba dalili ba ce na haihuwa ta tiyata, kuma ba a saba haɗa ayyukan biyu a rana ɗaya ba.

Tukunya

Gyaran abinci ba ya narkar da tsakuwa, yana rage yawan tasowar ciwo ne kawai. Manufa ita ce rage mai, ba yanke shi ba: jariri yana buƙatarsa, kuma maɗaciyar da ba ta samun dalilin matsewa sam ruwanta ƙara kauri yake yi. A yi nufin giram 40 zuwa 50 a yini, a rarraba, kada zama ɗaya ya wuce 10 zuwa 15. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, man ja ko man shanu giram 14 ne, ƙwai ɗaya giram 5. Wato ludayin man da ake kwarara wa shinkafa da wake ya cinye kason yini guda. Man zaitun ma mai ne, maɗaciya ba ta bambanta su.

Hanya mafi sauƙi a gidan da ake girki da yawa ita ce a ɗebi naki kafin a zuba mai, ki sa ƙaramin cokali ɗaya da hannunki. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi da ayayo suna daɗi da daddawa da busasshen kifi ba sai da mai ba. Taushe mai gyaɗa da agushi su ne masu nauyi. Alale marar mai sosai ya maye ƙosai, awara a dafa ta cikin miya maimakon suya, doya da dankali a dafa ko a gasa. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa ya fi kindirmo, a tabbata dai an tafasa madarar. Kaza a cire fata, nama a yanke kitse, romo a bar shi ya huce a kwashe abin da ya taso. Tsire, ƙilishi, dambun nama, fanke da cincin a jingine su. Ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale a sa ɗan kaɗan.

Ki ci sau biyar ko shida ƙanana, kada ki tsallake karin kumallo, abincin dare kuma ya zama mafi sauƙi, awa uku kafin kwanciya. Ruwa lita 2 zuwa 2 da rabi, fiye da haka a lokacin bazara. Kada ki nemi rage ƙiba da ciki, saurin ramewa da kansa yana haifar da tsakuwa. Azumi ya haɗa abu biyu da ciwon ke so, doguwar yunwa da buɗa-baki da soye-soye. Mai ciki da ke tsoron cutuwa tana da rangwame a shari'a, sai ta tuntuɓi likitanta da malami.

Akwai wani haɗi da ke yawo a waya, wai a sha rabin kofi na man zaitun da ruwan lemon tsami a wanke maɗaciya. Korayen dunƙulen da ke fita washegari man ne da ya daskare a hanji, tsakuwar tana nan. Abin da haɗin ke yi tabbas shi ne matse jakar da ƙarfi, wanda zai iya tura tsakuwa inda ta fi haɗari.

Jego

Watannin farko bayan haihuwa suna cikin lokutan da ciwon ya fi tasowa, domin maɗaciya ta dawo da ƙarfin matsewa alhali tsakuwar tana ciki, ga kuma abincin jego: farfesun kayan ciki da ƙafar sa, gasasshen nama mai kitse, tuwo da man shanu, kunun gyaɗa. A gaya wa mai kula da jegon tun da wuri, ko uwa ce ko gwaggo, cewa nono ba ya buƙatar maiƙo kafin ya zo; ruwa, kunun gero, wake, kifi da tsokar nama sun wadatar.

A sake sikanin bayan arba'in. Laka takan wanke da kanta ga fiye da rabin mata, ƙananan tsakuwoyi ma wasu sukan ɓace, manya kuwa ba sa tafiya. Wadda ta sha ciwo da ciki kuma hoto ya nuna tsakuwar tana nan, a sa ranar aiki kafin wani cikin, domin na gaba zai tarar da ita ya ƙara mata. Shayarwa ba ta hana aikin: da kin farfaɗo sosai daga maganin barci za ki iya ba da nono. Wajen zaɓen tazarar haihuwa kuma ki ambaci tsakuwar, saboda ƙwayoyi masu istirojin suna iya tayar da ita, akwai kuma hanyoyin da babu shi a ciki.